Agogon Monwabisi da Jar Hula

"Dubu goma sha tara," in ji Boeta Faldie, "kuma ka shaida ban ce ka saya ba."

Ya faɗi haka ne bai ko ɗago kai daga sarƙar keken da yake shafa wa mai ba. Shekara talatin ke nan yana gyaran kekuna a wannan ɗan shago na unguwar Humewood, yana haɗawa da sayar da takalman gudu, da rigunan roba na iyo, da agogo. Duk wani mai kuɗin birnin Gqeberha da tumbinsa ya fara tsorata shi sai ya bi ta ƙofar nan, kuma Boeta Faldie kan gane wanda zai jure da wanda zai gudu tun daga yadda mutum ya ajiye motarsa.

Wanda ke gabansa yau ya ajiye tasa a karkace, ta cinye wurin mota biyu. Monwabisi Dyantyi ke nan, mai kamfanin jana'iza a unguwar KwaZakhele, mai motocin gawa bakwai, ɗan shekara arba'in da takwas, wuyansa ya fi na rigarsa kauri.

Agogo biyu ne a kan kanta. Ɗaya baƙi, ɗan gwanjo, gefensa duk ya goge. Ɗayan sabo dal a kwalinsa, fuskarsa kamar madubi, an zagaye ta da ƙarfe mai ƙyalli.

"Baƙin nan shi ne naka, Bhuti," in ji tsohon, Bhuti kuwa ɗan'uwa ke nan a harshensu. "Dubu uku. Batirinsa na kai mako biyu. Maɓallansa manya ne, ko hannunka a jiƙe kana haki za ka laluba ka same su. Ka danna sau ɗaya ya ƙirga maka iyo, ka fito daga teku ka sake dannawa ya koma keke, ka sauka ka danna ya koma gudu. Iyakar aikin agogo ke nan a gasar iyo da keke da gudu. Wani likita ne ya yi shekara huɗu da shi."

"Mutuwa ya yi?"

"Ka fi kowa sani da ya mutu. Gwiwarsa ce ta gaji."

"To ni ko gawa ba na sa wa kwat ɗin gwanjo, balle kaina. Wannan mai ƙyallin me yake yi?"

"Me ba ya yi! Taswirar gari duk tana cikinsa. Yana sanin barcinka, yana ƙirga bugun zuciyarka, yana sa maka waƙa, har burodi za ka saya da shi. Amma ka ji ni da kyau, wannan magulmaci ne. Duk inda ka taka, tauraron ɗan adam zai faɗa masa, shi kuma ya kwashe ya kai wa kocinka, ya kai shafin kulob, ba tare da ya tambaye ka ba. Mutum irinka ba ya buƙatar mai kai rahoto a wuyan hannu."

"Wanne Mateta yake ɗaurawa?"

"Ƙanen wannan. Na bara."

"To a naɗe mini yayan."

Ka ga inda gizon yake. Mateta shi ma mai kamfanin jana'iza ne, a unguwar Motherwell, kuma bara ya shiga gasar nan mai hawa uku, ya yi iyon, ya tuƙa keken, ya yi gudun, ya gama. Bai tsaya nan ba, sai ya kafa ƙaton allon talla a bakin babbar hanya, ga shi da lambar yabo a wuya, an rubuta wai kamfaninsu ba ya gajiya a hanya. Kullum safiya Monwabisi sai ya wuce ta ƙarƙashin allon nan, kullum kuma sai shayinsa ya yi masa ɗaci. Ba don lafiya ya shiga kulob ɗin masu gasar ba, kada wani ya ruɗe ka. Allon yake so.

Boeta Faldie ya goge hannu da tsumma, ya ƙare wa tumbin kallo kamar mai shirin saye. "Gasar kulob ta watan Maris kake nufi? Kilomita ɗaya da rabi a teku, arba'in a keke, goma a ƙasa? Bhuti, in ka gama ta da agogon nan a hannunka, wallahi na mayar maka da rabin kuɗinka."

"In ban gama ba fa?"

"Agogo ya dawo gida, kuɗi su kwana inda suke."

Mai hankali da dariya zai yi ya wuce. Amma akwai mata biyu a shagon suna gwada takalma, sun kuwa daina gwadawa sun kasa kunne. Monwabisi ya miƙa hannu. Suka tafa, man sarƙa ya bar masa baƙin tambari a bakin farar rigarsa.

A yi masa adalci, mako biyun farko ya taɓuka. Ya ɗauki koci, wata Marelize da ke zaune can garin Stellenbosch mai nisa, wadda ba ta taɓa ganinsa ba, shi ma bai taɓa ganinta ba. Haka ake yi yanzu. Ita ta aiko da jadawali ta waya, agogo ya mayar mata da lambobi, ita kuma ta yi ta yi wa lambobin tafi ko faɗa. Ya shiga tafkin gidan motsa jiki, ashe ya ɗan iya iyo, irin na kwaɗo, a hankali amma ba ya nitsewa. Ya hau keke ya bi hanyar bakin teku, iskar garin nan ta tare shi ta kusa mayar da shi gida da baya. Ya yi gudu kilomita uku, cinyoyinsa suka goge juna har sai da ya yi kwana biyu yana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona masa rai shafin kulob ne. Mutum ɗari da arba'in, kowa na ganin na kowa, agogo ke jera su daga mai ƙwazo zuwa malalaci. Monwabisi ya samu kansa na ɗari da talatin da takwas. Biyun da ke ƙasansa, ɗaya tana da ciki wata bakwai, ɗayan ya karye a ƙafa. Mateta kuwa ya shigo ƙarƙashin gudun kilomita ukun nan ya rubuta, "Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. In abin ya faskara muna da mota a shirye."

Ran Litinin ta mako na uku ya isa ofis da sassafe, ya tarar da direbansa Siphelo yana jingina wani tsohon keke a jikin katanga. Siphelo mutum ne ɗan shekara arba'in da ɗaya, siriri, marar magana, shekara tara yana tuƙa babbar motar gawa, Monwabisi bai taɓa tambayarsa da me yake zuwa aiki ba.

"Kai, daga Motherwell kake tuƙo wannan ƙarfen?"

"Kullum, maigida. Ran da tayar ta fashe kuma na taho da gudu."

"Da gudu? Ka iya ruwa?"

Siphelo ya yi ɗan murmushi. "Shekara shida na yi ina aikin ceto a bakin tekun Brighton kafin na samu lasin."

Monwabisi ya dubi agogonsa, ya dubi siririn hannun direban, wata dabara ta faɗo masa, irin wadda kan zo wa mutumin da ya saba biyan wani ya ɗauki nauyi a madadinsa. Ya ja shi ɗakin da ake jera akwatunan gawa, ya rufe ƙofa.

"Daga yau aikinka ƙarfe goma yake farawa, albashinka ba ya canzawa. Ga agogo, ga kekena, ga rigar roba. Abin da matar nan ta rubuto, shi za ka yi. Daga ƙofar nan za ka danna, a ƙofar nan za ka kashe, kada ya ga hanyar Motherwell. Ƙarfe goma ka dawo mini da shi, da yamma na sake bar maka shi a nan. Bakinka kuma alaikum."

"Maigida, ranar gasar fa? Ai ba za a yarda na shiga da sunanka ba."

"Wa ya ce kai za ka shiga? Ranar ni zan yi abina a hankali. Bakin Mateta nake so na rufe kafin lokacin."

Siphelo ya ɗaura agogon. Sai da ya ja madaurin ya wuce huda biyar kafin ya kama hannunsa.

Kai, jama'a! Cikin mako uku sunan Dyantyi ya taso daga gindin shafi ya shiga cikin goman farko. Kilomita sittin a keke kafin rana ta yi zafi. Iyo daga bakin tekun Hobie har bayan gadar shaƙatawa da ta miƙa cikin ruwa a dawo. Bugun zuciya in yana hutawa arba'in da tara. Marelize ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Kullum sai ta aiko da saƙon murya: ba ta taɓa ganin jikin da ya karɓi horo haka ba, a shekarunsa kuwa abin a rubuta ne a littafi. Sau ɗaya ba ta ce ya turo hotonsa ba. Ta yi karatu mai zurfi a kan jikin ɗan Adam, amma lambobi take gani, ba mutum ba.

'Yan kulob ɗin su ma haka. Likitoci ne, da lauyoyi, da masu gidajen haya, mutanen da za su kwashe awa guda suna gardama a kan wanne agogo ya fi gane tsawon tafki, amma ba wanda ya tsaya ya ce, wai shin wa ya taɓa ganin Monwabisi a kan hanya? In an gayyace shi hawan keke na Asabar sai ya ce Asabar ranar binne mutane ce, kowa ya sani, shi da asuba yake nasa shi kaɗai. Sai su jinjina kai. Ran Lahadi bayan coci yakan leƙa wurin shan kofinsu, ya zauna ya naɗe hannun riga yadda agogon zai sha haske, ya ci amagwinya huɗu, wato fanken garin, da tsiran alade, yana ba wa sababbi shawara. "Sirrin," in ji shi, "shi ne ka saurari jikinka." Mateta ya daina rubuta komai.

Matarsa Nolitha ce kawai ba ta jinjina kai ba. Wata safiya ta tsaya a kansa da kofin shayi, ƙarfe bakwai saura, yana ta minshari, wayarsa kuma a gefen gado tana sanarwa wai ya gama kilomita goma sha biyu.

"Baban Sive, tashi ka sha ruwa, ka sha gudu."

"Ke, bar ni."

"A'a, ai dole na yi maka sannu. Ni dai ban taɓa ganin mai gudun da ake ƙara wa wandonsa faɗi ba. Tela ya ce in gaishe ka."

"Tsoka ce."

"Tsoka ce mana. Ka dai tuna teku ba ta duba waya."

A watan Fabrairu ya kai keken shago a duba masa birki. Boeta Faldie ya zagaya keken, ya ga an ɗaga sirdin sama da yadda ya daidaita shi da kusan tafin hannu. Ya gyara birkin. Ya ce a ba shi agogon ya goge masa gishiri. Ya juya madaurin a hannunsa. Hudar ƙarshe, inda Monwabisi ke sa shi, tana nan sabuwa. Can ciki kuwa, huda ta shida ta buɗe, ta yi fari da ruwan teku.

"Ya kake ganinsa, Boeta? Ka fara tara rabin kuɗina?"

"Ina ganin agogon yana shan wahala ƙwarai," in ji tsohon, ya miƙa masa. "Masha Allah. Ci gaba da abin da kake yi, Bhuti, kada ka canza komai."

To, ga al'adar kulob ɗin nan a gasarsu. Ba a sakin mutum ɗari da wani abu su faɗa teku lokaci guda, rukuni-rukuni ake yi, kuma hular roba ce ke nuna rukunin kowa. Masu jar hula su ne zaratan, su ake fara saki. Bayan minti biyar masu shuɗiya. Can ƙarshe masu farar hula, tsofaffi da sababbi da masu tumbi, waɗanda ke shiga ruwa suna hira, masu ceto na biye da su kamar makiyaya, ba mai gaggauta kowa. Da, mutum ne ke faɗin rukuninsa da bakinsa. Da ƙarya ta yi yawa sai aka ce daga yanzu agogo ne zai faɗa, tunda agogo ba ya ƙarya.

Ran Juma'a, jajibirin gasa, aka buɗe rumfar rajista a bakin Hobie. Monwabisi ya miƙa katinsa, matar da ke teburin ta duba takarda, ta dube shi, ta sake duba takarda, ta ciro jar hula.

"Kocinka ma ta rubuto, ta ce a sa ka a sahun gaba," in ji ta, tana kiransa Tata, wato baba a harshensu. "Amma in kana son farar hula, Tata, ba laifi ba ne. Sauka ana yi, hawa ne ba a yi."

Ƙofa ke nan aka buɗe masa har bango. Da farar hula, da iyonsa na kwaɗo, da keke mai tsada, da tafiya a ƙasa in gudu ya gagara, da ya lallaɓa ya gama ko da ana naɗe tutoci. Da ya karɓi rabin kuɗinsa, ya riƙe agogonsa, ya kafa allonsa. Har ya buɗe baki. Sai ya ji murya a bayansa.

"Ja? Kai, ɗan'uwa, ka wuce mu!" Mateta ne, da shuɗiyar hula a hannu, fuskarsa kamar ya haɗiyi ƙashin kifi.

Monwabisi ya rufe bakinsa, ya karɓi jar, ya kaɗa ta a yatsa. "Aiki ne, Mateta. Ba a saye a kanti."

A mota Siphelo ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara tara, ya ba da shawara ba a tambaye shi ba. "Maigida, don Allah ka koma ka karɓi fara. Na san mutanen nan. Ba sa kauce wa kowa, ta kanka za su bi. Ga iskar gabas an ce za ta taso gobe."

"Tuƙi na ɗauke ka, ko wa'azi?"

"Tuƙi, maigida."

"To tuƙa."

Gari ya waye da iskar gabas kamar yadda aka faɗa, teku ta yi launin toka tana tafasa. Sai da Nolitha da Siphelo suka haɗu kafin zik ɗin rigar robar ya rufe, don rigar ta riga ta saba da wani jikin. Jar hula ta zauna a kansa kamar tumatir. Ya ratsa ya tsaya a sahun gaba, tsakanin mutum arba'in da ba mai kitsen cokali ɗaya a jikinsa. Wani dogo ya dube shi ya ce, "Tata, masu farar hula can baya suke." Na kusa da shi ya zungure shi, "Kai, Dyantyi ne fa." Dogon ya ba da haƙuri, har ya matsa masa wuri.

Monwabisi ya shafa fuskar agogon zai tayar da shi. Yatsansa a jiƙe, madubin ya ƙi ji. Ya shafa, ya shafa, taswirar gari ta fito, ta tafi, waƙar coci ta fara, ya kashe ta da ƙyar. Yana samun wurin da ake so aka busa ƙaho.

Bai shiga teku ba, shigar da shi aka yi. Mutum arba'in suka kwashe shi kamar buhu. Igiyar ruwa ta farko ta mare shi a ƙirji, kafin ya miƙe gwiwar hannun wani ta sauka a kunnensa, diddigen wani ya cire masa tabarau. Ya buɗe baki zai ce a yi a hankali, teku ta cika shi. Wani ya hau bayansa ya wuce, na biyu ya bi, na uku ma, ba don mugunta ba, su dai hanya suka gani. A cikin wannan bala'i agogon ya fara kaɗawa a hannunsa yana ƙara. Wata uku yana koyon zuciyar Siphelo, yau ya ji wata zuciya na bugawa ɗari da tamanin da tara, ga shi kuma ba a tafiya, sai ya shiga tunatar da shi cewa ya yi jinkiri.

Da ƙurar ta lafa, jajayen huluna sun yi nisa, shi kaɗai ya rage, yana tashi yana faɗawa, ko balan-balan ɗin alama ta farko bai kai ba. Ya waiga, ya hangi masu shuɗiya sun jeru a kan rairayi, mutum sittin, Mateta a cikinsu, ana shirin sako su ta kansa. Nan Monwabisi Dyantyi ya ɗaga hannu sama, duka biyun, ya kware baki ya kira uwarsa da ta rasu shekara goma sha ɗaya, wadda shi da kansa ya binne a akwati mafi tsada.

Wata mai ceto ta iso a babur ɗin ruwa, ta jawo shi ta ƙeyar riga ta shimfiɗa a kan allon baya. Dokar a fili take, wanda aka ɗauka ya fita daga gasa. Ta zagaya da shi ta bayan gada a guje, ta sauke shi gaban rumfar likita, gaban jama'a.

Bayan ya amayar da abin da ya sha, aka lulluɓe shi da bargo, sai bakinsa ya dawo. Ya shiga gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi fa ba ceto ya nema ba, agogo ya ɗaga zai duba, yarinyar nan ce ta yi azarɓaɓi, kuma sai ya kai ƙara. Wataƙila da wasu sun yarda. Amma bai kashe agogon ba sai a rumfar, kuma yana kashewa magulmacin ya yi aikinsa. Wayoyin mutane suka fara ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ga taswira a shafin kulob: mita ɗari biyu da goma a karkace kamar tafiyar maye, minti biyu ana juyi wuri ɗaya, sannan wani miƙaƙƙen layi mai gudun kilomita talatin a awa. A ƙasa kuma agogon ya rubuta, da hoton kofi, yana taya shi murnar kafa sabon tarihi a iyon mita ɗari huɗu.

Dariyar ta fara daga rumfar rajista ta bi rairayi har wurin ajiye kekuna.

Ana cikin haka wata farar mace mai jakar goyo ta kutso tana tambaya ina Mista Dyantyi. Marelize ce. Jirgin safe ta biyo don ta ga gwaninta da idonta, ta tsaya a mafitar ruwa tana duban kowace jar hula. Aka nuna mata bargon. Ta dubi tumbin, ta dubi wayarta, ta sake duban tumbin.

"Ba wannan ba," in ji ta. "Wanda nake horarwa zuciyarsa arba'in da tara take bugawa."

"Shi ma yana nan kusa, 'yata," in ji wata murya. Boeta Faldie ne, da kujerarsa ta naɗewa a hammata da fulas ɗin shayi. Tun asuba yake zaune a kan gada yana kallo. Ya tsaya gaban Monwabisi ya buɗe tafin hannu. "Sannu, Bhuti. An sha ruwa. Ina ajiyata?"

"Boeta, ka bari mu yi magana a shago."

"A shago muka tafa, gaban mata biyu. Nan ma ga shaidu, sun fi yawa."

Monwabisi ya nemi Nolitha da ido ko za ta sa baki. Ita kuwa ta sunkuya ta kwance masa madaurin da hannunta, ta miƙa wa tsohon. Boeta Faldie ya girgiza ruwan, ya duba jama'a, ya hangi Siphelo tsaye a gefe riƙe da tawul da takalman maigidansa.

"Zo nan, ɗana. Kawo hannunka."

Siphelo ya dubi maigidansa. Maigidan ya ja bargo ya rufe kai. Tsohon ya ɗaura agogon, ƙarfen ya faɗa huda ta shida da kansa, kamar ɓera ya ga raminsa. Agogon ya lalubi bugun zuciyar, sannan ya nuna hamsin da biyu.

"Ga ɗalibinki," in ji Boeta Faldie. "Wancan mai biyan kuɗin makaranta ne."

Monwabisi ya so ya kori Siphelo ran Litinin. Nolitha, wadda rabin kamfanin gadon ubanta ne, ta ce ya gwada, ita kuma ta kafa taswirar nan a allon talla da kuɗinta. Ta ƙara da cewa aikin direban ƙarfe goma yake farawa, tunda maigida da bakinsa ya faɗa. Kulob ya zauna a kan maganar har sau uku, lauyoyinsu suka yi ta Turanci, suka ƙare da sabuwar doka wai duk mai son jar hula sai an gan shi da ido a ruwa. Sai da mutum ya kusa mutuwa masu digiri suka gano amfanin ido.

In ana lissafin wanda ya ci da wanda aka ci, Boeta Faldie ya tashi da dubu goma sha tara da agogonsa, kuma bai mayar da shi kwali ba, ya bar wa Siphelo aro da sharaɗin ya sa riga mai sunan shagon. Siphelo ya samu safiyarsa, ya samu kocin da ke horar da shi kyauta don ta wanke kunyarta, a gasar watan Nuwamba kuma ya zo na huɗu a cikin sa'o'insa da jar hular da sunansa ne a jiki. Mateta ya gama a tsakiyar masu shuɗiya, ya sake fentin allonsa. Monwabisi ya rasa agogo, ya rasa kuɗi, ya rasa kujerarsa a wurin shan kofi, kuma har yau in motarsa ta tsaya a danja a KwaZakhele sai wani ya leƙo ya tambaye shi ƙarfe nawa. Baƙin ɗan gwanjon kuwa wata malamar asibiti ce ta saye shi dubu uku, ta shiga da farar hula, ta gama ta biyun ƙarshe, ta tafi gida da lambarta a wuya.